Wa Ke Shan Wutar Malama

Ranar da aka kwantar da Kurciya a asibiti, kafin la'asar kowa a gidan hayar ya riga ya san ɓarawon, sai dai kowa da nasa. Matan ƙasa suka ce na sama ne. Na sama suka ce duk wanda ya ji ƙarar kekunan Tela ya san inda wutar take tafiya. Shi kuwa Tela ya rantse cewa ɓarawon a cikin sashen Malama yake kwana.

Malama tana koyarwa a firamaren bayan kasuwa. Tana haya a saman benen, ita da mijinta direban babbar mota wanda ya fi zama a hanya, da ƙaninsa Auta, da 'yarsu Kurciya, yarinya 'yar shekara tara mai ciwon sukari. Rayuwar yarinyar ta rataya ne ga allurar da ake ajiyewa a firji. Watanni ke nan mitar sashen tana cin kati kamar an ɓula ta. Katin da a da yake kai su ƙarshen wata ya koma ko tsakiyarsa ba ya gani. Malama ta daina guga da dutsen lantarki, ta kwance ƙwayayen falo ta bar ɗaya, ta hana kunna talabijin. Suna kwana cikin gumi, fanka na kallonsu. Mita kuwa ko a jikinta.

Sai rashin lafiyar mahaifiyarta ya taso. Ta loda kati, ta bar kwalaben maganin wata guda a firji, ta ɗauki na hanya, suka tafi ita da yarinyar. Da suka dawo suka tarar da mita a mace, firjin ya yi ɗumi kamar cikin motar da aka bari a rana, don kicin ɗin a ƙarƙashin kwano yake. A ido kwalaben lafiyarsu ƙalau. Ta sake loda kati, ta ci gaba da yi wa yarinya allura da su, tunda babu wasu. Ashe maganin ya riga ya mutu. Kurciya ta yi ta kwankwaɗar ruwa tana amai, har ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki.

Kawu Tasta ya sami Malama a barandar asibiti, zaune a ƙasa, takalmanta wari da wari. Shi ne yayan mahaifiyarta. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan waya a gine-gine, kuma da girma ya zo sai aikinsa ya koma na bin sawu: in waya ta ɓace a cikin bango, ko wuta na zurarewa ba a san ta ina ba, shi ake kira ya bi ta har inda ta tsaya. Sunan ya samo shi ne daga 'yar tastar gwada wuta da ba ta rabuwa da aljihun gabansa.

Ta miƙa masa wayarta ta kunna saƙon murya. Muryar mijinta ce, ana jin ƙugin mota a bayanta. Ya ce ya gaji da ƙaryar mita. Ya ce kuɗin wutar da yake turowa gidansu take kaiwa, ko kuma tsohon firjin da kawunta ya kakaba musu ne yake shanyewa. Ya ce in wani abu ya sami 'yarsa ba zai taɓa yafe mata ba.

Kawu ya mayar mata da wayar. Ta cikin gilashi yana hango yarinyar, an saka mata ruwa a hannu, leɓɓanta sun tsattsage.

"Kawu, ni ko wanene ban damu ba," in ji Malama. "Likita ya ce in ta farfaɗo za a sallame mu da sabon magani. Ina zan ajiye shi?"

Ya karɓi mukullin sashen, ya ce ta ba shi lokaci.

*

Mitocin gidan a jere suke a ƙarƙashin matakala, cikin keji mai kwaɗo. Wakili ne ya buɗe masa. Shi ne idon mai gidan a wurin, shi ke karɓar haya, shi ke riƙe da mukullan ko'ina, kuma ɗakinsa na bakin ƙofar shiga. Mutum ne mai fara'a. Ya kawo wa Kawu kujera, ya tambayi jikin yarinya har sau biyu, ya ce abin ya hana shi cin abinci.

Kawu ya duba mitar Malama ciki da bai. Hatiminta bai taɓu ba, babu wayar da aka ɗosana. Ya hau sama ya zare duk abin da ke jikin soket, ya kashe ƙwai, ya sauko. 'Yar jar fitilar da ke ƙiftawa idan ana shan wuta ta tsaya cak. Ya koma ya jona firjin shi kaɗai, gabansa na faɗuwa, don shi ya kawo firjin nan da hannunsa. Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa a hankali, irin ta firji mai lafiya. Ya sauke ajiyar zuciya, sannan kunya ta kama shi da ya ga kansa ya fara wankewa.

Wakili ya matso kusa da shi ya rage murya. Ya ce shi ba ya son ɗaukar alhaki, amma shagon Tela yana daidai ƙarƙashin falon Malama, kuma kwanan nan mutumin ya ƙaro keke mai cin wuta da babban dutsen guga.

*

Tela bai ɗago daga kan keke ba da Kawu ya yi sallama. Gajere ne mai saurin fushi, da allurai a baki. Da ya ji abin da ya kawo tsohon, sai ya tofar da su a tafin hannu, ya miƙe, ya jawo tebur tsakiyar shago, ya ce a hau a duba silin ɗin yanzu a gaban kowa, don shi ma 'ya'ya gare shi, kuma tun jiya matarsa ba ta iya fita tsakar gida saboda kallo.

Kawu ya hau da kyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya bi kowace waya da yatsa daga keke zuwa bango, daga bango zuwa mitar shagon. Babu baƙuwa ko ɗaya. Ya sauko ya ba da haƙuri.

"Haƙuri ba ya goge suna, Baba," in ji Tela yana mayar da tebur. "Ka je ka tambayi ƙanin mijinta. Saurayi ba aiki ba sana'a, amma kullum sai ya yi wanka da ruwan zafi. Ni ina ƙasa, tururin da ke fitowa ta bututun banɗakinsu nake gani."

*

Kafin ya nemi Auta, Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon ta Malama. Mai Ƙanƙara ce a nan, bazawara mai jiki, wadda ke ciyar da 'ya'yanta da ƙullin ruwan sanyi da ƙanƙara. Babban firjinta mai kama da akwati yana jingine da bangon da ya raba ta da ɗakin Malama, yana gurnani dare da rana. Duk wanda ya taɓa aikin waya ya san soket biyu da suka juya wa juna baya a bango ɗaya sun fi komai sauƙin haɗawa.

Ta gane nufinsa tun kafin ya gama kewaye-kewaye. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa ƙarfinta ta ja firjin gefe, ta tsaya ta naɗe hannu tana kallonsa yana kwance soket. Ramin bai zarce ba, bulo ne lafiyayye a bayansa.

Yana mayar da kusoshi tana magana. Ta ce ita da take ba Malama ƙanƙara kyauta duk ranar da aka ɗauke wuta, yau ita ce ɓarauniya. Ta ce da an bar mata mukulli ai da ta kwashe maganin ta kawo nan. Ita ma satin ba ta ji da daɗi ba: tafiyar Malama ke da wuya sai ruwa ya yanke a gidan, Wakili ya ce injin rijiya ne ya lalace, ta yi ta sayen ruwa a waje tana hawa da shi bene har bayanta ya riƙe, alhali duk wata sai an karɓi kuɗin ruwa. Allah ya taimake ta injin ya tashi daga baya.

Kawu yana cewa to, to, amma hankalinsa na kan tururin da Tela ya ambata. Ya ba ta haƙuri ya fita, ta rufo ƙofa da ƙarfi a bayansa.

*

Ɗakin Auta ƙarami ne, katifa a ƙasa da tarin takalma. Kawu bai sha wahala ba. Soket ɗin kusa da ƙofa ya yi baƙi a gefe ɗaya, robarsa ta fara narkewa. Ya ɗaga katifa, sai ga hita irin ta tsomawa a bokiti, wayarta duk ɗauri.

Yana riƙe da ita Auta ya shigo. Dogon saurayi ne wanda ya gama karatu yana jiran abin da bai zo ba. Ya ga hitar, ya ga fuskar Kawu. Da aka matsa masa ya amsa cewa yana kunna ta, amma jefi-jefi. Da aka tambaye shi inda yake lokacin da wuta ta ƙare, ya ce yana gida. Ya ga mita ta mutu, ya ji tsoro kada a ce shi ya cinye, sai ya kulle ƙofa ya koma wurin abokinsa. Ya ce wallahi firjin bai faɗo masa a rai ba.

Kawu ba mai faɗa ba ne, amma ran nan har ƙasa an ji muryarsa. Ya kira yaron marar imani. Ya ce 'yar yayansa tana can tsakanin rai da mutuwa saboda wankan ruwan zafi. Auta ya tattara kayansa a jaka yana hawaye ya sauka, matan gida suna leƙe. A ƙofar fita Wakili ya dafa kafaɗarsa yana ba shi baki.

Kawu ya kira Malama ya ce an gano, ta kwantar da hankalinta. Ya loda mata kati daga aljihunsa, ya bar firji kaɗai a jone, ya kulle sashen da hannunsa, ya tafi da mukulli da hitar duka.

Washegari da hantsi ya dawo ya leƙa keji. Lambar da ke fuskar mitar ta zube kamar an kwana ana walda a sashen.

Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Ba kowa a ciki, mukulli na aljihunsa. Ya tozarta Tela, ya sa bazawara kuka, ya kori yaro daga gidan yayansa, kuma wutar tana nan tana tafiya. Yana nan tsaye Malama ta kira. Kurciya ta buɗe ido, har ta nemi ruwa. Amma Auta ya kai ƙara, mijin ya sake kira, ya ce an kori ƙaninsa ne don a rufe asiri, kuma ya juyo da mota yana hanya. Ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi sabon magani, yana hannun ma'aikatan jinya, yau ko gobe za a miƙo mata shi.

"Ka ce an gano, Kawu."

"Na yi kuskure, 'yata."

 Ta ce in wannan maganin ma ya lalace ba ta da sauran abin sayarwa.

*

Ya hau ya zare firjin ma, ya sauko ya ajiye kujera a gaban keji ya zauna. Jar fitilar tana tsaye. Ya ƙudura ba zai tashi ba sai ya ga ta motsa da idonsa.

Gida ya ci gaba da harkarsa a kewaye da shi. Mata suna wanki a tsakar gida, ana tara bokitai a famfo, ba mai kula shi. Tela ya wuce bai gaishe shi ba. Wakili ya zo ya ce Baba ya shigo ɗaki ya huta, wurin nan da sauro, in wani abu ya faru shi zai kira shi. Kawu ya gode, bai motsa ba. Ƙafafunsa suka yi tsami, idanunsa suka fara ruwa saboda ƙura wa abu ɗaya ido.

Rana ta take sosai, sai fitilar ta fara ƙiftawa. Ba irin ta firji ba, sauri take kamar zuciyar wanda ya yi gudu.

Ya miƙe har kujera ta kife. Shagon Tela a rufe, ya fita cin abinci. Firjin Mai Ƙanƙara yana gurnaninsa na kullum, bai ƙaru ba. Ya haye matakala yana dafa bango, numfashi na sarƙe shi, ya buɗe sashen Malama: duhu, shiru, kowace fulogi a ƙasa. Ya fito ya jingina da bangon baranda don ya huta, sai ya ji bangon yana ɗan kaɗawa a ƙarƙashin tafin hannunsa. Ya duba. Bututun da ke kai ruwa tankin saman rufi ne, kuma ruwa na hawa a cikinsa. Can ƙasa, ta bayan gida, injin rijiya yana wani siririn kuka da kunne ya saba da shi har ya daina ji.

Nan maganar Mai Ƙanƙara ta dawo masa. Tafiyar Malama ke da wuya ruwa ya yanke. Daga baya inji ya tashi.

Ya sauka ya tsaya inda zai ga mita kuma ya ji inji. Da tanki ya cika, ƙwallon da ke cikinsa ya kashe injin da kansa, kuma a daidai wannan numfashin fitilar ta tsaya.

Akwai ƙofar silin a saman baranda, wadda kowa zai iya shiga ba sai ya bi ta ɗakin wani ba. Ya aro tsani wurin masu gini na maƙwabta. Cikin silin zafi kamar tanda, ƙura ta yi kauri a kan katako, kuma a cikin ƙurar akwai sawun gwiwa da tafin hannu da suka miƙe zuwa saman kicin ɗin Malama. Ya bi su da rarrafe. A kan wayar da ta fito daga babban makunninta an fere roba, an ɗaura wata sabuwa baƙa, an naɗe da salatif. Ya bi baƙar. Ta fita ta ƙarƙashin kwano, ta manne a bayan bututun ruwa, an shafe ta da fentin bango yadda daga ƙasa ba mai bambance ta. Ta gangara har ta shige ta saman ƙofar ɗakin inji, mai kwaɗo.

Filayarsa tana aljihu, amma bai yanke ba. Ya sauko ya kakkaɓe rigarsa, ya nemi lambar mai gidan wurin Mai Ƙanƙara ta bakin ƙofa, don ta ƙi buɗe masa.

*

Da yamma ta yi, tsakar gida ta cika. Mai gidan, wanda 'yan haya ke kira Mai Bene, ya zo da sandarsa yana mitar an taso shi daga nesa. Malama ta bar yarinya wurin wata maƙwabciyar gado ta zo, idanunta sun faɗa. Auta yana raɓe a bakin ƙofa, Kawu ne ya aika aka kira shi. Tela ya naɗe hannu, Mai Ƙanƙara ta juya wa Kawu baya. Wakili ya yi ta kai-kawo yana jera kujeru.

Kawu ya fara da ba mutum uku haƙuri a gaban kowa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya.  Sannan ya roƙi mata su buɗe kowane famfo na gidan su tara duk abin da suke da shi. Aka yi ta gunaguni, wata ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi, amma aka buɗe. Wakili ya ce wannan ɓarnar ruwa ce, Mai Bene ya ɗaga masa sanda ya ce a bari a gani.

Bokitai suka cika, bahuna suka cika. Can sai injin ya tashi.

"'Yata, hau ki sauke babban makunnin sashenki."

Malama ta hau. Kowa ya bi ta da ido har ta shige. Jim kaɗan kukan injin ya yanke kamar an shaƙe shi.

"Mayar," Kawu ya ɗaga murya.

Injin ya tashi. Ya sa ta sake saukewa, ya sake mutuwa. Wata mata da ke riƙe da moɗa ta dube ta, ta ajiye a hankali. Ruwan da gidan duka ya yi watanni yana sha, yana wanka, yana wanki da shi, a kan mitar Malama yake hawa.

Wakili ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce lallai mai gyaran inji ne ya yi wannan shirme, gobe da sassafe zai nemo shi. Mai Bene ya tambayi wane mai gyara, don shi ba a taɓa kawo masa maganar gyara ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi mukullin ɗakin inji. Wakili ya lalube aljihu, ya ce kamar ya bar shi a wani wando. Tela ya shiga shago ya fito da guduma, ya fasa kwaɗon.

A cikin ɗakin, mitar injin tana manne a bango, fuskarta a mace, yanar gizo ta rufe madanninta. An cire wayar injin daga jikinta an haɗa da baƙar da ta sauko daga sama. A kusurwa ga ragowar baƙar wayar a naɗe, ga gwangwanin fentin bango da burushi a ciki.

Hayaniya ta kaure. Kowa yana faɗin yadda ake karɓar kuɗin ruwa a hannunsa ba fashi. Wakili ya ce abubuwa ne suka yi masa yawa, ya yi niyyar mayarwa, aro ne kawai. Ya ce bai san za ta yi tafiya ba. Kawu ya ce amma ya san mitar ta mutu, tunda shi ya ce wa mutane inji ya lalace, kuma kejin a ƙofar ɗakinsa yake. 

Malama ta sauko, ta ratsa mutane har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa aka yi shiru don a ji ta.

"Gidan nan cike yake da mita. Me ya sa tawa?"

Ya kalli Mai Bene, ya kalli ƙofa inda Auta ya tare hanya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Kowa tasa tana mutuwa ya kwana a duhu, wani ya yi kwanaki bai loda ba," ya ce. "Ke kaɗai ce ba kya barin taki ta mutu."

"Saboda maganin," in ji Malama.



Malama ta ja da baya har ƙafarta ta taɓa matakala, ta zauna. Mai Ƙanƙara ce ta yi kan Wakili, sai da mata uku suka riƙe ta. Kawu ya ji filaya a hannunsa bai san lokacin da ya zaro ta ba, kuma ba waya yake kallo ba, Wakili yake kallo. Tela ya kama masa gwiwar hannu ya juya shi zuwa ɗakin inji, ya ce, "Baba, ga aikinka can." Ya shiga ya datse baƙar wayar.

*

Mai Bene da Tela suka tasa Wakili gaba zuwa ofishin 'yan sanda. Daga can Tela ya kira mijin Malama ya zayyana masa komai, bai rage ba. Wayar Malama ta yi ta ruri a cikin jaka suna hanyar asibiti, ita da Kawu. Ta duba sunan sau ɗaya ta mayar. 

Kurciya tana zaune an jingina ta da matashi, ta rame har idanunta sun yi mata yawa. Da ta ga Kawu ta yi murmushi, ta ce angon nata ya zo hannu rabbana, kuma duk gashinsa ƙura, ita ta fasa auren. Ya ce ai shi ma ya samo wata mai ƙiba. Ta yi dariya kaɗan, tari ya katse ta. Malama ta fita karɓo maganin.

"Kaka, an kama ɓarawon?"

Ya ce an kama.

"Waye?"

Ya so ya ce wani ne daga waje. Amma gobe za ta koma gidan, za ta ji a bakin yara kafin ta kai saman bene. Ya faɗa mata.

Ta dube shi kamar bai iya magana ba. Ta ce ba dai Baba Wakili ba, wanda yake ɗaukar mata jaka in ta gaji a matakala, wanda kullum sai ya tambaye ta ko an yi mata allura.

"Shi," in ji Kawu.

Yarinyar ta yi ta murza bakin zanen gado. Can ta zame ta kwanta, ta juya fuskarta bango. Kawu ya ja mata mayafi har kafaɗa, ya zauna a gefenta.